Kafin a taru wurin jana'iza: Wa ke kwana da majinyacin da asibiti ya sallamo?

Kai da kake karanta wannan a wayarka, ko kana majalisa a Talata Mafara, ko kana kan babur kana jiran fasinja a Bakura, ko ke da kike tsakar gida a Maradun, ina so a tuno jana'izar ƙarshe da aka yi a unguwarku. Tuno yawan jama'ar. Sahu bayan sahu, har wasu sun fito kan titi. Masu gina kabari ba a ba su ko sisi ba, samari na rige-rigen ɗaukar makara, kwana uku tabarmi na shimfiɗe ƙofar gida ana karɓar gaisuwa, kwanukan tuwo na shigowa daga maƙwabta. A wannan fannin kam, babu wanda zai zo ya koya mana komai.

To yanzu ja baya da wata huɗu. Wannan bawan Allah da aka taru dominsa, wa ke ɗakinsa da ƙarfe biyun dare, lokacin da ciwo ya hana shi kwanciya ya hana shi zama? Wa ke juya shi, wa ke wanke shimfiɗarsa? Idan ka bincika, yawanci mace ɗaya ce. Matarsa, wadda ita ma tsufa ya kama ta, ko ɗiyarsa da ta baro ɗakin mijinta, ko jikar da aka cire daga makaranta "zuwa ya samu sauƙi". Sauranmu mukan leƙa sau ɗaya ko sau biyu, mu ce ya jiki, a ce da sauƙi, mu ajiye ɗari biyar gefen filo mu fita muna toshe hanci a ɓoye. Daga nan sai mun ji sanarwa a lasifikar masallaci.

Ka san yadda tafiyar ke farawa. Kemis, sai babban asibitin gari, sai a rubuto takarda a ce a wuce Gusau, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, wani ma har Shika a Zariya. Mafara tana kusan rabin hanya tsakanin Gusau da Sakkwato, amma ga mutumin ƙauyen Maradun, fitowa bakin kwalta kaɗai wani yaƙi ne a wannan zamani na 'yan bindiga. A sayar da tunkiya, a sayar da sa, a jinginar da gonar fadama. Ranar ƙarshe likita ya kira babban ɗa gefe, ya ce ciwon dajin ya riga ya bazu, ko ƙodar ta daina aiki, a koma gida a ci gaba da addu'a. A mota tsoho ya tambaya, "Mi likita yac ce?" Ɗa ya kau da kai ya ce, "Baba, cewa ya yi za ka ji sauƙi a gida."

Ba laifin likitan nake gani ba, gaskiya ya faɗa. Inda muke kuskure shi ne fassarar da muke yi wa maganarsa. Mukan dawo gida muna cewa "an ce ba abin da za a iya yi". Alhali warkarwa ce ta gagara, jinya ba ta ƙare ba. Akwai raɗaɗin da ake iya kashewa, akwai gyambon kwanciya da ake iya hanawa, akwai amai da sarƙewar numfashi da ake iya sassautawa, akwai mai jinyar da ke bukatar barcin dare ɗaya. Wannan wani reshe ne mai zaman kansa a aikin likita, mu kira shi jinyar sassauci. Gidan ko ƙungiyar da ke yin ta ga waɗanda ciwonsu ya kai matakin ƙarshe shi Turawa ke kira hosfis. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 ne ke bukatar irin wannan kulawa duk shekara, kuma kusan kashi 14 cikin 100 kaɗai ke samu.

Wadda ta kafa harsashin abin a zamanin nan wata 'yar Ingila ce, Cicely Saunders. Ta fara da aikin nas, ta koma jami'ar walwalar majinyata, sannan ta karanta likitanci da girmanta saboda ta ga ba za a saurare ta ba in ba likita ba ce. A 1967 ta buɗe St Christopher's a kudancin Landan. Abu biyu ta dage a kai. Na farko, kada a jira sai majinyaci ya fara kururuwa kafin a ba shi maganin raɗaɗi, a riƙa ba shi kan lokaci, bisa agogo, yadda ciwon ba zai samu damar dawowa ba. Na biyu, ciwon mai mutuwa ba a jiki kaɗai yake ba: akwai tsoro, akwai tunanin iyali, akwai bashi, akwai tsakaninsa da Ubangijinsa. A wannan gidan ita ma ta rasu a 2005. Kuma ka lura da wani abu: har a Ingila mai arziki, abin da gwamnati ke bai wa irin waɗannan gidaje bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da suke kashewa ba. Sauran jama'a ke tarawa, ta gudummawa da wasiyya da shagunan gwanjo da 'yan sa-kai ke tsarewa.

Na san abin da ke ranka. Kana cewa, Malam, wane Bazamfare ne zai ɗauki mahaifinsa ya kai wani gida ya ajiye ya jira mutuwa? Ai gorin sai ya bi jikokinsa. Ko sunan gidan gajiyayyu ba ma son ji. Na yarda da kai ɗari bisa ɗari, kuma shi ya sa nake ganin duk wanda ya fara wannan magana da neman fili da bulo ya ɓata hanya tun daga tasha. Tsofaffinmu a ɗakinsu suke son cikawa, kusa da 'ya'yansu, da wanda zai laƙƙana musu kalmar shahada. Abin da ya kamata shi ne kulawar ta bi su har ɗakin. Kuma akwai waɗanda suka gwada hakan, talakawa irinmu, ya yi aiki.

A Yuganda, wata likita mai suna Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a kudu maso gabashin Najeriya a shekarun 1960, ta kafa Hospice Africa Uganda a 1993. Sharaɗin da ta gindaya wa gwamnati kafin ta fara shi ne a yarda a shigo da garin mofin. Sai ta riƙa dama shi da ruwa bisa awo, a zuba a robobin ruwan sha da aka wanke, a sa masa kala don a bambanta mai ƙarfi da mara ƙarfi, a kai wa majinyaci har gida ya riƙa sha da awonsa. Magani mai arha ƙwarai. A 2004 Yuganda ta sauya doka ta bai wa nas-nas da jami'an lafiya da suka samu horo na musamman izinin rubuta mofin, domin in aka ce sai likita, mutumin ƙauye ba zai taɓa gani ba. Merriman ta rasu a 2025, aikin na nan.

Amma misalin da ya fi kama da mu yana jihar Kerala ta Indiya. A 1993 wasu likitoci, ciki har da M. R. Rajagopal da Suresh Kumar, suka buɗe ƙaramin ɗakin duba masu raɗaɗi a asibitin koyarwa na Kalikut. Ba su daɗe ba suka gane cewa wanda ya fi bukata ba ya iya zuwa, kuma yawancin matsalolinsa ba allura ke magance su ba. Sai a farkon shekarun 2000 aka kafa tsarin maƙwabta, aka fara daga gundumar Malappuram, inda Musulmi suka fi yawa. Duk wanda zai iya ba da awa biyu a mako sai a ba shi horo na awa 16 a aji da kwana huɗu na gani da ido. Malaman makaranta, direbobi, 'yan kasuwa, ɗalibai. Su ke gano majinyatan unguwarsu, su ke tara kuɗi ta akwatunan taro da sisi a shaguna da gidaje da makarantu, su ke ɗaukar nas su biya ta, su ke yanke shawarar gidan da za a kai wa shinkafa da yaron da za a biya wa kuɗin makaranta. Likita mai ba da shawara ne, ƙungiya ta mutanen gari ce. Da abin ya kankama, a 2008 gwamnatin Kerala ta fitar da manufa a hukumance kan jinyar sassauci, jiha ta farko a Indiya da ta yi haka. Ka ga jama'a ce ta shige gaba, gwamnati ta biyo sawu.

A nan gida ma ba baƙon abu ba ne. Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta sun kafa wata cibiya mai zaman kanta a Ibadan, suka haɗa hannu da asibitin koyarwa na UCH aka buɗe sashen jinyar sassauci a 2007, shekarar da aka ƙaddamar da ƙungiyar masu wannan aiki ta ƙasa, HPCAN.

Mu dawo yankinmu. In ana maganar shugabanci, waɗannan ƙananan hukumomi uku ba a gaya musu. Ahmad Sani Yarima ɗan Bakura ya yi gwamna daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari ɗan Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, Bello Matawalle ɗan Maradun daga 2019 zuwa 2023. Shekara 20 ke nan. Wataƙila shi ya sa da an kawo shawara a majalisa, abin da ke fara fitowa bakinmu shi ne "a kai wa mai gida takarda". Ba na hana neman taimakon manya. Sai dai babban mutum zai iya biyan kuɗin asibiti sau ɗaya a ɗauki hoto, ba zai zo ya juya kakanka duk bayan awa biyu ba. Haka ƙungiyoyin waje: likitocin MSF sun shafe shekaru a Zamfara, tun daga gubar dalma ta 2010 da ta kashe ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum har zuwa yaran tamowa da ake kwantarwa yanzu. Ceton ran yara suka sa gaba, kuma daidai ne. Tsohuwar da ɓarin jikinta ya shanye a bayan kasuwa, tamu ce.

Kuma ba daga sifiri za a fara ba. Muna da 'yan agajin Jama'atu da na Izala da na Fityanul Islam, samari masu kaki da horo, waɗanda sun saba ɗaukar majinyaci. Muna da makarantun Islamiyya na matan aure, inda labarin kowane gida ke isa kafin ya isa kunnen mai unguwa. Muna da 'yan adashe da suka iya riƙon amanar kuɗi. Muna da ɗaliban kwalejin Abdu Gusau da na jami'ar jiha a Mafara, da waɗanda suka gama makarantar nas ta Gusau ko ta kiwon lafiya ta Tsafe suna zaune gida suna jiran aiki. Muna da Hukumar Zakka da Wakafi ta jiha. Dubiya kuwa tun muna makarantar allo aka karantar da mu cewa haƙƙi ce. Abin da babu shi ne mai ɗinke waɗannan wuri ɗaya, kuma shi ne shugabancin da nake nufi.

Wannan shugabanci ba shi da armashi, gara in gaya maka tun yanzu. Littafi ne da biro. Mutum biyar ko shida, maza da mata, ku je wurin mai unguwa da liman tukuna, domin ba a shiga gidan mutane da ka. "Allah gafarta Malam, so muke mu san gidajen da ke da mai kwance, mu riƙa kama musu." Sai ku rubuta: wane ne, me ke damunsa, wa ke jinyarsa, me ya fi ci musu tuwo a ƙwarya. Za ku sha mamaki. Wani gidan ba kuɗi suke nema ba, namiji mai ƙarfi suke so da zai riƙa zuwa da safe ya ɗaga tsoho a yi masa wanka, don matar ba ta iyawa. Wani gidan ledar shimfiɗa ce da sabulu da omo. Wata baiwar Allah so take wata ta zauna mata na awa uku ta je ta gano 'ya'yanta. Mata su shiga wurin mata, maza wurin maza. A raba kwanaki, kuma wanda aka sa wa Alhamis ya je ranar Alhamis ko da ana wasan Arsenal. Alkawarin da aka saɓa wa mai kwance ya fi rashin alkawarin ciwo, domin tun safe yake kallon ƙofa.

Dole a samu ma'aikacin lafiya ɗaya a jikin tafiyar, nas ko malamin asibitin mazaɓa, wanda zai koya muku aikin hannu, ya kuma faɗa muku inda iyakarku take. Juya mai kwance duk bayan kamar awa biyu, a duba ƙugu da duwawu da diddige, don nan gyambo ke fara ɓullowa. Shimfiɗa ta zama busasshiya, ba tattara. A riƙa jiƙa masa leɓe ana goge baki. Kada a ɗura wa wanda ba ya iya haɗiya kunu da ƙarfi, yana iya wucewa huhu. Na san uwa ko mata tana ganin in bai ci ba kamar ta gaza ne, sai an lallashe ta. Robar fitsari kuwa da wankin gyambo mai zurfi da duk wani abu mai allura, aikin ma'aikaci ne, ba na mai kyakkyawar niyya ba.

Maganar magani tana son a tsaya a kanta. Mu matasan Arewa mun ga abin da kodin da Tramol suka yi wa abokanmu, har gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Saboda haka da an ambaci mofin sai gaban kowa ya faɗi. Wasu iyalan ma gani suke allurar ƙarasa mutum ce. Ba haka ba ne. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matakai uku na maganin raɗaɗin ciwon daji, daga irin su farasitamol har zuwa mofin, kuma idan likita ya auna shi daidai da ciwon, aikinsa ya bar mutum ya yi barci, ya yi salla, ya yi magana da iyalinsa cikin hayyacinsa. Jinyar sassauci ba ta gaggauta ajali, ba ta kuma jinkirta shi. Haɗarin da ya fi kusa da mu shi ne wanda muke yi kullum: a je kemis a haɗo ƙwayoyin ciwon jiki kala huɗu a riƙa banka wa tsoho wata da watanni, su ci masa ciki su ƙarasa ƙodar. Mofin magani ne da doka ta tsare, ta hannun likita da manyan asibitoci yake fitowa, yana kuma sa bushewar ciki, don haka ake haɗa shi da mai sassauta bayan gida. Abin da za ka iya yi, in kai ne ɗan rakiya, shi ne kada ka baro asibiti da "a ci gaba da addu'a" kaɗai. Tsaya ka tambaya cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, in ciwon ya tashi da dare me za mu ba shi? Duk awa nawa? In bai isa ba wa za mu kira? Akwai masu kula da irin wannan jinyar a nan?" In an ba ku, a kulle shi, mutum ɗaya ya riƙe makulli, don a gidan akwai samari.

Sai kuɗi, inda ƙungiyoyinmu suka saba mutuwa. Ƙa'ida ɗaya ce: mai karɓa daban, mai ajiya daban, kuma duk wata a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban kowa, har naira hamsin. Ni na fi son ɗari-ɗari daga mutum ɗari a ranar kasuwar Talata da dubu goma daga mutum ɗaya, domin mutum ɗayan nan ran da ya faɗi zaɓe ko ya yi fushi, shi ke nan. Na kuma fi son a nemi kaya maimakon kuɗi. Keken majinyata, katifar iska, sandar dogarawa, fo na manya: mutum ya saya ya yi wakafi da sunan mahaifiyarsa, a riƙa ba da aro gida-gida. Keke ɗaya sai ya yi wa gida goma aiki.

Wani abu kuma, don Allah, a bar waya a aljihu. Wannan ɗabi'a ta ɗaukar majinyaci hoto tsirara-tsirara a watsa a Facebook da TikTok da lambar asusu a ƙasa, ko da an samu kuɗin, an sayar da mutuncinsa ne. Dattijon da ya yi shekara 40 yana shiga jama'a da babbar riga bai cancanci a san shi da wannan hoton ba. Abin da ka gani a ɗakin mutane a ɗakin zai tsaya. Ranar da sirrin gida ɗaya ya fita ta bakin ɗan ƙungiya, sauran gidajen za su rufe ƙofa, kuma sun yi daidai.

Mafi nauyi a cikin duka shi ne abin da ɗan nan ya kasa faɗa a mota. Mun saba ɓoye wa majinyaci gaskiya don tausayi, shi kuma sau da yawa ya riga ya sani, yana yin shiru ne don tausayinmu. Kowa na ta "da sauƙi", lokaci na tafiya. Ba ina cewa yaro ɗan sa-kai ya je ya sanar da dattijo ajalinsa ba, wannan ba huruminsa ba ne, kuma ranar Allah kaɗai ya san ta. Amma akwai hanyar buɗe ƙofa, ta bakin amininsa ko liman ko babbar ɗiya: "Alhaji, akwai wanda kake son a kira maka? Akwai bashin da kake son a rubuta?" Mutum na da gonar da bai fayyace iyakarta ba, da ajiyar marayu a hannunsa, da ƙanen da suka yi shekara goma ba sa gaisawa. Rigimar gado nawa ka sani da ta samo asali daga maganar da ba a bari mamaci ya yi ba? Haka nan idan iyali suka san inda aka dosa, ba za su sayar da sauran gonar su miƙa wa mai lasifika a kasuwa da ya rantse yana warkar da daji cikin kwana bakwai ba.

Idan rai ya yi halinsa, jama'a za su zo, wannan ba sai kun gayyato su ba. Naku aikin yana bayan an naɗe tabarmi. Matar da ta yi wata huɗu ba ta runtsa ba yanzu za ta shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma, a ɗakin da ya yi mata faɗi. 'Yan'uwa mata na ƙungiya su ci gaba da leƙa ta a ranakun da suka saba. Jikar nan da aka cire daga makaranta, wani ya je ya ga hedimasta a mayar da ita ajinta. Sannan a karɓo katifar da keken, a wanke da ruwan zafi da sabulu, a shanya a rana, a duba littafi a ga gidan da ke biye.